Mai Lasar Dutse

Wani bawan Allah ne ya yi karatun duwatsu da man fetur. Dangi na jin "fetur" suka fara yi masa gaisuwar attajirai. Da ya gama, sai ya samu aiki a kamfanin ruwa, shi ke duba ƙasa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Albashin kuwa, da bakinsa yake cewa, "Nawa mai kunya ne, yana sallama yake ban kwana."

To, masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a. In dutse ya yi datti, sai su ɗan lasa da harshe, launinsa ya fito sarai su gane irinsa.

Ran nan ya taho da duwatsu gida a leda, ya baje a tabarma, yana ɗauka yana lasa. Sai ga surukarsa ta ɗago labule.

"Innalillahi! Abin har ya kai haka?"

"Mama, aiki nake yi."

"Aikin yunwa ba!"

"Wallahi gwadawa kawai nake. Wannan ma lami ne, na jiya ya fi gishiri."

"Har da na jiya!" Ta dafe ƙirji, ta dubi 'yarta. "Shi ya sa kika rame! Kai, ko a ƙara maka albashi, ko in tafi da abata."

Washegari ya durƙusa gaban oga. "Ranka ya daɗe, a duba ni. Aurena na rawa. Surukata ta kama ni ina lasar dutse, ta ce yunwa ce."

Oga ya zare tabarau. "Wane dutsen?"

"Na sabuwar rijiya."

"Na kamfani ke nan. Tun yaushe ka fara?"

"Tun ranar da aka ɗauke ni."

"Kullum?"

"Safe da rana, ranka ya daɗe. Ba na fashi."

"Kuma kana karɓar kuɗin abincin rana? Lallai ka daɗe kana cin biyu!"

Ya dawo gida yana jan ƙafa, ya tarar da suruka zaune kan akwatin 'yarta a bakin ƙofa.

Ta ce, "To, an ƙara?"

"An ƙara, Mama. Kuɗin abincin ne dai suka yanke. Amma dutse kam sun ce in ci in ƙoshi, har in riƙa taho muku da naku."