Ranar da Sandar Ruwa ta Kai Ƙarshen Fadama

A fadamarmu akwai Cindo, gemu har ƙirji, hankali kuwa sai addu'a. Gwaggonsa Tabawa ke riƙe da shi. Abincinsu ɗan fegin albasa ne can ƙarshen magudana, inda ruwa ba ya isa sai manya sun ƙoshi. Magudana ɗaya ce, manoma rututu, shi ya sa kowa ya rantse ba zai buɗe bakin gonarsa ba sai jar sanda na hannunsa. Don rashin tsoron Allah, manya suka ɗora wa Cindo tsaron sandar, saboda shi ba ya musu.

Wata rana Sarkin Ruwa, mai kula da rabon ruwan fadama, ya ce masa, "Duk wanda ya zo ka ba shi." Barau da Jatau suka iso tare. Cindo ya karya sanda a gwiwa, ya miƙa wa kowa rabi. Suka buɗe lokaci guda, ruwa ya rabu bai ishi kowa ba, suka ƙare da dambe cikin laka. Ko ɗigo bai kai wa Tabawa ba.

Wata rana aka sassaƙo sabuwar sanda, aka ce, "Mutum ɗaya! Kuma kada a dame shi sai ya gama." Alhaji Nomau ya karɓa, ya buɗe, ya ɗaure sanda a babur ya tafi biki. Cindo ya tsaya da gora yana korar jama'a. Gonar Alhaji ta zama tafki.

"Cindo, albasarmu ta kwanta," in ji Tabawa.

"Gwaggo, bai gama ba."

Abin da ke ƙona min rai, da Alhaji ya dawo ba wanda ya ce masa kanzil. Wawan aka zaga.

Wata rana manya suka yi cirko-cirko a kan magudana, bakunan gonaki duk a toshe, kowa na cewa shi ne gaba. Sarkin Ruwa ya fusata.

"Kai Cindo, jefa tsiyar nan a ruwa kowa ya huta!"

Ya kuwa jefa. Sanda ta bi ruwa, ta wuce gonar Alhaji, ta wuce ta Barau, suna bin ta a guje, manyan riguna na harɗe su. A ƙarshen magudana suka tarar da Tabawa, zani a jiƙe, sanda a hannu, ruwa na kwarara cikin albasa.

Alhaji ya miƙa hannu yana haki.

"Sannu da gudu, Alhaji," in ji ta. "Samu wuri ka zauna. Mu nan ƙarshe mun iya jira, yau kai ma sai ka koya."