Iya Gwiwa Ne

"Ni Sualihu, ruwa ƙanena ne! Na ƙetare kogin Volta a Makango ranar da ya cinye gonaki, akuya a wuyana, goro a bakina, ko hulana bai jiƙe ba!"

Da wannan Sualihu ɗan Salaga yake buɗe hira, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Kai baƙo sai ka jinjina kai. Mu da muka taso unguwa ɗaya mun san bawan Allahn nan bai iya iyo ba ko irin na kaza. Dabararsa guda ce, ba ya sa ƙafa a ruwa sai ya hango ƙasansa. Ruwan wajenmu kuwa ka san shi, kamar koko yake. In har ka ga duwatsun ƙasa, to bai wuce gwiwa ba. Da wannan ya yi shekaru yana cika mana kunne.

Da babban yaƙi ya zo aka ɗebe mu soja, aka kai mu Kenya. Wata rana Kyaftin ɗinmu ya ce zai hau wani dutse ya ga tafkin da ke can ƙoli, wanda ƙanƙara ke narkewa tana cika shi. Yana son masu ɗaukar kaya, da gwanin ruwa guda saboda tsaro. Gwanin ruwa ba ruwansa da kaya, kuma in an sauko lafiya za a ɗaura masa igiyar kofur.

To, Sualihu ya riga ya aika wa matarsa Awawu cewa ya zama kofur, har ta raba ƙosai a unguwa. Dole ya nemo igiyar nan kafin a koma gida. Tsalle ɗaya ya yi ya ƙame gaban Kyaftin, wanda muke kira Masa.

"Masa, ga ni! Ko kada ya gan ni a ruwa, ba ni hanya yake yi!"

Muka shiga daji, irin wanda gwamnati ta hana sara da farauta, itatuwa sun haɗe sama ko rana ba ka gani. Mu muna nishi da kaya, gogan naka yana tafe da ƴar sanda yana tsokanar Sayibu, wani dogo ɗan Bawku da aka ɗora wa tanti.

"Jakin Bawku, ɗaga ƙafa mana!"

"Ina ji, sarkin kwaɗi," in ji Sayibu. "Ina bargonka?"

"Na canza da goro. Bargo na mata ne!"

Da muka fita daga itatuwa sanyi ya ce salamu alaikum. Sarkin ruwa ya ciro gwangwanin man kaɗe zai shafa, ya tarar ya daskare kamar dutse, har ya karya farce. Haƙoransa suka fara kaɗa kalangu. Ya ce wai wuridi yake yi. Ni dai na ga idonsa ya raina fata, don tun a hanya yake tambaya ko tafkin yana da faɗi.

Sai ga tafkin. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, shuɗi garau, dutse fari fat a bayansa, ko tsuntsu ba ya kuka. Sualihu ya hau wani falalen dutse ya leƙa. Ya ga tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har zanen jikinsu. Nan take ransa ya dawo, ƙirji ya buɗe.

"Wannan ne tafki? Kwatamin gidanmu ya fi shi!"

Bai rufe baki ba iska ta fizge hular Kyaftin ta ajiye ta kan ruwa, kusa da falalen.

"Sualihu, kawo hula!"

"Masa, ko wando ba zan cire ba. Iya gwiwa ne!"

Ya naɗe ƙafar wando a tsanake, ya dube mu ɗaya ɗaya, ya taka. Tsulum! Babu Sualihu, babu gwiwa. Muna kallonsa tar ta cikin ruwan yana gangarawa, baki buɗe, kamar an saki guga a rijiya. Da ya ɓullo bai kira Allah ba, bai kira Annabi ba, "Awawu!" ya ce.

Sayibu ne ya kwance tanti ya jefa masa igiyar ɗaurin, muka jawo shi sandararre. Muka naɗe shi a bargunanmu, muka rataya a sanda, wanda ya ƙi kaya ya koma kaya. Kofur kuwa Sayibu aka ba.

Da aka sallame mu, kwale-kwale ya kawo mu Makango, rabin Salaga na bakin gaɓa, Awawu a gaba da guɗa. Rani ne, jirgin ya tsaya nesa kaɗan da tudu, kowa ya dira ya taka. Sualihu ya leƙa, ya hango yashin ƙasa, ya ƙanƙame katako.

"Sauka mana," in ji mai jirgi, "iya gwiwa ne."

"Ƙarya ne! Haka suke yi!"

Kafin nan Kofur Sayibu ya gama ba jama'a labari, har da kwaikwayon ihun. Awawu ta daina guɗa. Ta dubi hannun rigar mijinta fayau, babu igiyar kofur, ta tattare zane, ta shigo ruwan da bai kai mata ƙwauri ba, ta juya masa baya. Ya hau. Tana tafe da shi goye, gari na faɗuwa da dariya, ta waiwayo.

"Maigida, akuyar nan da ka ƙetare da ita, ita ma haka ta goya ka?"