Rasuwar Inna Gurza, Injin Buga Jaridarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi bai gama sakinta ba, Editan jaridar ƙauyen nan yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, injin buga takarda da kowa ya sani da Inna Gurza. Ta cika a baranda, cikin tsatsa da wulaƙanci.

Marigayiyar ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Tawada kaɗan, a murza mata hannu, sai ka ji ƙurrr-kacau, ƙurrr-kacau, labari ya fito da ɗuminsa. Kafin kasuwa ta cika an manna shi a ƙofar shagon tela, mai karatu ya karanta wa marar karatu.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da masu taimako suka zo zamanantar da ofishin. Mutanen kirki ne, Edita bai ce ba haka ba. Sun kawo kwamfuta, sun buɗe wa jaridar shafi a intanet, sannan suka ga tsohuwar za ta ɓata musu hoto. Aka fitar da ita baranda, wai na ɗan lokaci. Suka ɗauki hoto suka tafi, damina ta sauka a kanta.

Labarin farko da aka sa a sabon shafin shi ne ranar zuwan masu yi wa shanu allura. Mutanen birni sun yaba tsarin shafin ƙwarai. A ƙauyen kuwa, inda sai an hau tudun makaranta waya ke kama sabis, ko makiyayi ɗaya bai ji ba. Masu allura suka wuni a gindin bishiya suka koma. Shanun da cutar ta kwashe bayan nan, Edita ba ya iya haɗa ido da masu su. Ya koma wurin Inna da gudu, ya tarar hannunta ya ƙage.

Ta bar Edita, da rabin gwangwanin tawada, da kishiyar zamani da ba ta motsi sai an yi mata caji.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauki gawar ranar kasuwa da hantsi. Babu zaman makoki. A shafin aka sa wannan sanarwa, don haka duk ɗan birnin da ya gani, don Allah ya aiko a gaya wa mutanen ƙauyen da baki.