Rasuwar Kyamarata a Ruwan Tiyo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni mai shirya fim, kuma darakta, kuma mai ɗaukar hoto, kuma mai sayo wa 'yan wasa ruwan sha a kamfanin da ke ɗakin baƙi na gidana, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar kyamarata. Ta cika ranar Asabar da la'asar sakaliya, a ƙofar gidan surukina, tana tsaye a bakin aiki.

Marigayiya ta zo hannuna da 'yan shekarunta, daga wani mai ɗaukar bukukuwa da ya ce ta gaji. Ƙarya yake yi mata. Baiwar Allah ce mai haƙuri da rufin asiri. Ta mayar da ɗakin girkinmu ofishin likita ba wanda ya gane, domin da na buɗe idonta sosai sai bayan hoto ya dusashe, tukwane su ɓace. Idan haske ya yi ƙaranci hotonta yakan yi tsaki-tsaki, ni kuwa in ce wa mutane salo ne, ita kuma ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Larurarta ɗaya ce, zafin jiki. In ɗauka ta yi tsawo sai ta sume, matata ta zo da murfin tukunya tana yi mata fifita har ta farfaɗo. Ba ta da yawan magana: ƙit ɗaya in ta fara ɗauka, ƙit-ƙit in ta tsaya, da ɗan jan ɗigo a kusurwar fuskarta.

Ta rasu ta bar batura uku, biyu daga ciki sun kumbura, da sanda mai ƙafa uku da ke ɗingishi, da makirufo wanda ya girma a cikin safar ƙafata, da gilasan ido biyu marayu waɗanda ba sa shiga jikin kowace kyamara sai nata. Ta kuma bar fim guda, saura fitowa ɗaya ya kammala. Wannan fitowar ce ajalinta.

Ga yadda abin ya faru. Labarin na wani uba ne da ke tsaye a ƙofar gida cikin ruwan sama yana jiran ɗan da ba zai dawo ba. Da yake kamfaninmu ba ya biyan kowa, wanda ya fito a uban shi ne surukina, tsohon direban babbar mota, mutumin da har yau ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Albarkacin 'yarsa ya yarda. Tun bara ya bar gemunsa yadda yake, ko almakashi bai taɓa ba, don kada ya bambanta daga fitowa zuwa fitowa. Game da ta ƙarshen kuwa ya gindaya mini sharaɗi: “Yaro, zan yi maka kukan nan, amma sau ɗaya. Idona ba famfo ba ne.”

Sama ta ƙi ba mu ruwa, sai muka haɗa namu. Ƙanin matata ya hau katanga da tiyo, ya danne bakinsa da babban yatsa. Ni kuma, gwanin dabara, na sa wa marigayiya leda, na huda wa idonta ƙofa. A wajen ɗaure ledar nan yatsana ya taɓa maɓallin ɗauka. Ta yi ƙit ɗinta, baiwar Allah, ƙarar ruwa ta hana ni ji, leda ta yi gumi ta rufe jan ɗigon. Saboda haka da na daka tsawa na ce “Akshin!” na danna, tsayar da ɗaukar na yi.

Jama'a, ban taɓa ganin wasa irin na ranar ba. Haske ya faɗo a gefen fuskar tsohon nan kamar na saye shi. Ya dubi bakin titi, ya fashe da kukan da ya sa matata ta juya baya. Da na ce “Kot!” na sake dannawa, wato a lokacin ta sake fara ɗauka. Na bar ta na ruga ina tsalle, na durƙusa gabansa. Ƙanin matata ya saki tiyo don ya tafa, ruwan ya miƙe sak cikin ƙofar da na huda da hannuna.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Ta kwana biyu a buhun shinkafa, sannan aka garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce, “Maigida, sai haƙuri. Amma katin ajiyarta lafiya lau.” Na yi hamdala, na ce ko ba komai ta bar wasiyya. Na sa katin a kwamfuta. Ga cikin leda, ga muryata ina yi wa ƙanin matata faɗa ya ɗaga tiyo. Sai hoto ya yanke. Sai ga ƙeyata ina tsalle ina ihu, “Mun samu! Mun samu!” Daga nan shaaa, sai duhu.

Surukina bai sani ba har yanzu. Ranar Lahadi ya aske gemun, domin ni na ce masa an gama. Yana kwance da mura, yana gaya wa masu dubiya cewa zai fito a fim. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ya yi mini ranar ɗaukar, yana goge fuska da tawul: “Yayan matarka na tuna, wanda hanya ta ci. Tun rasuwarsa ban yi kuka ba sai yau. Ka ajiye mini shi da kyau.” Na roƙi matata ta sanar da shi, ta ce, “Darakta, ubana ne, amma yatsanka ne.”

Za a sa marigayiya a jakarta, a ɗora ta bisa kabad gobe da hantsi. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin baƙi. Masu niyyar gaya mini cewa yanzu waya ma tana ɗaukar fim su yi zamansu a gida, an yafe musu. Bayan la'asar kuma zan tafi gidan surukina, in cire takalmi, in durƙusa in faɗa masa da bakina. Da zai zage ni, da na ji sanyi. Na san shi, haɓarsa kawai zai shafa, ya ce, “Ba komai, yaro.” Wannan tafiyar ba a buƙatar rakiya.