Kwat ɗin Oga Dawo-Gobe

Duk faɗin unguwar Barnawa babu ma'aikacin gwamnati irin Mista Ebenezer, Mataimakin Darakta. Shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka, kuma wa ya fi shi sani? Na ƙasa da shi a ofis suna kiransa Oga Dawo-Gobe, saboda tsabar tausayinsa. Ba ya son ya gama wa mutum aiki yau, ya bar shi gobe babu wurin zuwa.

Sirrin ƙwazonsa wata baƙar kwat ce mai layi-layi. Da safe zai shigo ofis, ya rataye ta a bayan kujera, ya ajiye tabarau a kan tebur, ya fice. Duk wanda ya leƙo sai a ce masa, "Oga yana nan kusa, ga kwat ɗinsa." Kwat ta zauna ta yi wa gwamnati aiki har la'asar, shi kuwa yana can unguwar Kamazou yana duba ginin da yake yi. Haka suka raba aiki tsakaninsu shekara da shekaru, ba a taɓa jin kansu ba.

Sai annobar korona ta zo, aka ce kowa ya yi aiki daga gida. Daidai lokacin Daraktansu ya yi ritaya, Babban Sakatare ya ce wanda ya fi riƙe aiki a wannan zaman gida shi zai hau kujerar. Masu neman ta su biyu ne, Mista Ebenezer da wata Hajiya Fiddausi, wadda ba ta iya komai ba sai gama aiki. Shi kuwa tasa ritayar ta ƙarato, in ya rasa wannan babu wata. Ya ma riga ya roƙi 'yan cocinsu su fara kiransa Darakta, don bakinsu ya saba.

Ranar farko ya tara iyalinsa ya yi musu jawabi.

"Daga yau wannan falo ba falo ba ne, ofis ne. Duk mai son ganina ya bi ta hannun Madam. Aiki daga gida ilimi ne, ba kowa ya iya ba. Ni na yi kwas a kansa."

Matarsa Judith ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, Baban Vicky, ofis zai ci abinci yanzu, ko mu dawo gobe?"

Ofis ya ci, har ya nemi ƙari.

Matsalar gida ɗaya ce: babu masu jira. Babban mutum kuwa da masu jira ake gane shi. Ya gwada da mai ruwa, ya ce a gaya masa Oga yana mitin. Mai ruwa, da yake bai san tsarin gwamnati ba, ya tura kurarsa gida na gaba, suka wuni ba su yi wanka ba. Daga nan Oga ya koma jikin katanga, inda maƙwabcinsa Malam Isiyaku tela yake ɗinki a ƙofar gida. Malam Isiyaku ba shi da inda zai gudu, keken ɗinki ba ya tafiya.

Ana haka aka sa ranar babban mitin ta kwamfuta, irin wanda kowa yake ganin kowa. A nan kowane sashe zai faɗi abin da ya yi. Judith ta ce ko a nuna masa yadda abin yake, ya tuna mata cewa ya yi kwas.

Ranar mitin ya riga kowa shiga. Ya gaida Babban Sakatare har da rusuna wa kwamfuta. Aka fara rahoto, Hajiya Fiddausi ta soma jero ayyukan da ta kammala, abin ya fara gundurarsa. Sabo turken wawa. Ya miƙe, ya cire kwat, ya rataye ta a bayan kujera, ya ajiye tabarau, ya bar kwamfuta a kunne, ya nufi katanga.

Ma'aikata kaf suka zuba wa kwat ido. Ta taga kuma muryar mai ita tana shigowa tar, kamar a cikin ɗakin yake.

"Malam Isiyaku, yanzu haka da kake ganina ina cikin mitin. Wannan shi ake kira gwaninta. Babban Sakataren nan yaro ne, a gabana ya shigo aiki. Duk abin da na ce, shi yake yi."

Babban Sakatare ya kira sunansa. Kwat ta yi shiru, kamar yadda ta saba. Ya sake kira. Judith da ta zo wucewa da tsintsiya ta ga fuskoki cike da allon kwamfuta, ta tuna ita ce sakatariya, ta rusuna da ladabi.

"Sannunku da aiki, sa. Oga yana nan kusa, ga kwat ɗinsa."

Aka ci gaba da mitin. Da yake babu mai cewa a ɗage zuwa gobe, duk maganar da aka ɗauko sai a yanke ta. Fayilolin da suka tsufa a sashensa suka sami mafita kafin azahar.

Da aka buɗe ofisoshi, Hajiya Fiddausi ce Darakta. Babban Sakatare da kansa ya buga wa Mista Ebenezer waya, ya yaba masa. Ya ce sashensa bai taɓa sauri irin na watannin da yake gida ba, don haka ya taimaka ya ci gaba da aiki daga gida har ya yi ritaya.

Abin ya yi masa zafi ƙwarai, wuni guda bai je katanga ba. Amma ranar Lahadi ya tsaya a ƙofar coci, ya gyara wuya, ya yi wa jama'a bayani.

"Darakta? Wahala ce kawai. Ni na kai matsayin da gwamnati ba ta ma bukatar ganina."

Mu da muka san shi mun shaida. Tun da ya fara aiki, wannan ce magana ta farko da bakinsa da na gwamnati suka zo ɗaya.