Ranar da Na Bar Ƙofa a Buɗe

Shekara goma ina koyar da kemistiri a wata sakandare kusa da Garo, don haka ranar da sufeto ya zo ko alli ban taɓa ba. Na ce yau zai ga daidaiton sinadarai da idonsa. Na raba ajin biyu, rabi ciki, rabi waje: biyar na fita, biyar su shigo, adadi ba ya canjawa.

Na manta daidaito ba ya samuwa sai a rufaffen mazubi. Ga ƙofar makaranta a buɗe, ga kakar gyaɗa. Biyar-biyar suka yi ta fita, babu mai shigowa.

Sufeto ya dubi kujeru, ya rubuta rahoton da ya hana ni ƙarin girma.

Har yau duk malamin da ya gaishe ni sai ya ƙara da, "Malam, sun dawo kuwa?"