Ranar da Na Tura Kawu a Keken Ɗawafi

Har abada ba zan manta ƙarar takalmin Kawu ba, lokacin da ya miƙe tsaye ƙyam daga keken guragun da na turo shi a ciki, ya sara wa likitan soja. A gaban lajna fa, kwamitin likitoci uku da za su yanke ko ya cancanci diyyar rashin lafiya.

Kawu yayan Ummata ne, tsohon soja. Tun da ya dawo daga bakin iyaka, inda suka yi watanni suna shaƙar hayaƙin mai, bai ƙara lafiya ba: ciwon gaɓoɓi, gajiya, mantuwa. Kowane gwaji kuma sai ya fito fes. Shekaru yana neman wannan ganawar.

Matsalar Kawu, ko yana mutuwa ka tambaye shi jiki, “Alhamdulillah, da sauƙi” zai ce. Sai ni, uwar dabara, na ce ai ciwon da ba a gani dole a nuna shi. Na aro keken maƙwabcinmu a unguwar Utaibiyya, nan Makka, wanda yake tura alhazai ɗawafi da shi. (Har da carbin wata hajiya a rataye, ban ko cire ba.)

“Ke, ƙafafuna lafiyarsu lau,” in ji Kawu.

“Yalla Kawu, zauna kawai. Ni na san mutanen nan.”

Ban san kowa ba wallahi.

Muna shiga, Kawu ya hango anini a kafaɗar babban likitan. Jikinsa ya riga shi tunani. Ƙyam!

Likitan ya dubi keken, ya dube ni.

“Mashallah, ya warke a bakin ƙofa. Keken na waye?”

Kawu bai iya ƙarya ba. “Ranka ya daɗe, ’yar ƙanwata ce ta ce in zauna.”

Na ji kamar in naɗe cikin abayata in ɓace. Da hannuna na mai da mai gaskiya ɗan damfara.

Likitan ya miƙa masa kofin shayi. Kawu ya riƙe da hannu biyu, amma kofin na rawa, shayi na zuba a farar rigarsa. Sai a lokacin na gane me ya sa kullum Umma take zuba masa rabin kofi. Shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa lura ba.

Ba su kore mu ba, amma sun ɗage hukunci, sai an sake gwaje-gwaje daga farko. Saboda kekena.

A mota Kawu ya ce, “Wani karon ki zo da idonki, ki bar keken a gida.”

Tun ranar na daina yi wa ciwon wani kwalliya. Amma ku faɗa min, da wace fuska zan ce masa ni zan sake kai shi?